Giyayya Bakwai a Bakin Jakara

A ƙarshen fadamar da muka gada wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, can inda ƙasa ke gangarawa ta zama baƙar laka, akwai tushen giyayya guda bakwai. Kowannensu an sare shi ba sau ɗaya ba, ya kuma sake tohowa da rassa biyar ko shida. Ranar da aka zo rabon gado, yayana ya kawo shawarar a tumɓuke su tun kafin a ja igiya, domin wurin zai ci fangalin albasa ashirin ko fiye. Na ce a dakata. Ya tambaye ni dalili a gaban liman da mai unguwa, na buɗe baki na rasa abin faɗa, don abin da ke raina bai yi kama da hujjar da ake kai wa gaban manomi ba. Wannan maƙala ita ce amsar da na kasa ba shi a ranar.

Ƙauyenmu yana ƙasar Minjibir, arewa maso gabas da birnin Kano, ƙasa kaɗan da madatsar ruwa ta Wasai wadda ta tare kogin Jakara. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Minjibir ko Gezawa ko Dambatta da damina ya san irin ƙasar da nake nufi. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida, babu dajin da akuya za ta ɓata a ciki. Sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaitsaye cikin gero da dawa kamar wani ne ya jera su. A irin wannan ƙasa, duk abin da ka gani a tsaye da izinin wani yake tsaye. Wuri ɗaya ne a da ya kuɓuta daga wannan doka, shi ne ƙasan fadama, inda ruwa ke kwana wata biyu ko uku kowace shekara.

Kakata ta wajen uba ungozoma ce. Ba ta sayen magani a kasuwa sai abin da ƙasarmu ba ta fitarwa, kamar kanumfari da masoro da jar kanwa. Sauran duk daga gona da rafi take samowa. Tun ina ɗan shekara bakwai ko takwas nake riƙe mata kwando. Takan leƙo zaure ta ce, "Maigida, tashi ka raka amaryarka rafi," irin wasan nan na jika da kaka.

Abin da na fara koya wurinta shi ne sanin itace daga ƙasa yake farawa. Takan tsayar da ni ta ce in dubi abin da na taka. In jan rairayi ne mai zafi, to muna jigawa, abin da zan gani sabara ce da kalgo da geza da tumfafiya. In ƙasa ta soma yin duhu tana riƙe sawu, mun shigo gefen fadama, mazaunin kanya da baure da ɗinya. In kuwa na taka baƙar laka wadda ke tsattsagewa da rani har tsagar ta haɗiye yatsa, nan ne gidan bagaruwa da giyayya. Gaba da nan sai bakin ruwa, inda jema da zamarke da ƙaidaji suke, a kan ruwan kuma bado da kainuwa. Daga jigawa zuwa bado bai fi tafiyar minti goma ba, amma ƙasa biyar ce, kowace da mutanenta.

Giyayya ba ta da ƙaya, kuma ba kasafai take tashi da gangar jiki ɗaya ba. Ɓawonta toka-toka ne, ganyenta bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, sabon toho kuma ja-ja yake kafin ya koma kore. Da damina takan fitar da farin fure dunƙulalle mai ƙamshi, wanda ƙudan zuma ke rububi. Idan ya bushe sai ya bar ɗan dunƙule baƙi-baƙi mai kaushi da ke daɗewa a reshe har cikin rani, da shi ake gane ta ko da ganye ya kaɗe. Wadda ake rikita ta da ita ita ce tafashiya, domin ita ma furenta dunƙulalle ne fari mai ƙamshi, ganyenta ma bibbiyu. Sai dai ganyen tafashiya ya kai tafin hannu, mai kauri da sheƙi. Rassanta sukan sunkuya kamar za su yi rarrafe. Ɗanta nama gare shi, ja-ja in ya nuna, har ana ci. Saiwarta kuma rawaya ce mai ɗaci. Ba ta jure kwana cikin ruwa kamar giyayya, ta fi son gaɓar rafi mai laima. Daga baya na karanta cewa masana sun sa su biyun a dangi ɗaya da itacen gahawa. Kaka ba ta taɓa ganin gahawa a itace ba, amma 'ya da ƙanwa take kiransu.

Ƙaidaji shi ne abin wasanmu muna yara. Sarƙaƙiya ce mai ƙaya a bakin ruwa, ganyenta ƙanana kamar na tsamiya, da ka taɓa sai su rufe kamar masu jin kunya. Kwasfarsa gashi gare ta, in ta bushe sai ta kakkarye gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya, ta faɗa ruwa ta yi iyo zuwa wani wuri. Zamarke kuwa siriri ne mai taushin jiki, furensa rawaya, kwasfarsa doguwa kamar tsinke, in iska ta kaɗa busasshiyarta sai ta yi ƙara. Dangin wake ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Wannan sani yana da amfaninsa a wurin manomi. Inda giyayya ta tsaya ba a shuka gero, ba a kafa rumbu, ba a gina ɗaki, domin ruwa zai zo ya kwana. Shinkafa ce ke yi a nan. Mai neman wurin rijiyar rani ma wajenta yake dubawa, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Sannan idan ambaliya ta janye da kaka, takan bar zoben busasshiyar laka a jikin itacen. Da jikina Kaka take auna shi: bana ya kai gwiwarka, bara ya kai ƙugunka, shekarar da aka haife ka da ya rufe ka. Da wannan zobe take tuna shekarun ƙoshi da na yunwa. Giyayya ce kundin da take duba tarihin ruwan garinmu.

Ruwan da ke yi wa giyayyarmu zobe daga cikin birni yake tasowa, kuma a can tarihin nan ya fara. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin mutanen Dala na zamanin Barbushe, ya kuma ambaci wani kurmi mai baƙin ruwa da ake kira Jakara, wanda mutanen wancan zamani suke tsoro suke girmamawa. Kurmi dai a Hausa itatuwa ne masu duhu da suka kewaye ruwa. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwa a bakin wannan ruwa. Lokacin da Baturen Sikotlan Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya tarar da faffaɗar fadama ta kusa raba birnin biyu, tsuntsayen ruwa suna shawagi a cikinta, kasuwa kuma tana ci a kan ɗan tudun da ya ratsa ta. Bajamushe Heinrich Barth ma ya ga Jakara a 1851. Yau a cikin birni Jakara lambatu ce da aka ɗaure da siminti. Dubban mutane kullum suna cewa za su Kurmi, babu wanda itace ke faɗo wa a rai. Wurin ya yi daraja, itatuwan suka tafi, sunan ya zauna. Abin da ya faru a kan Jakara shekaru ɗari biyar da suka wuce, shi ne ya biyo ruwa ya iso ƙauyenmu a zamanin mahaifina.

Da yake sunaye sun fi itatuwa tsawon rai, sai na nemi inda aka tara su. A 1905 wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, John McEwen Dalziel, ya zo Nijeriya ta Arewa yana aiki a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka. Duk inda aiki ya kai shi yakan tambayi mutane sunan tsiro da amfaninsa, ya matse ganye da fure tsakanin takardu, ya aika lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Daga 1927 zuwa 1936 shi da John Hutchinson suka fitar da babban littafin tsirran Afirka ta Yamma, a 1937 kuma ya ƙara da wani a kan amfaninsu. Har yau itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, sunansa yake ɗauke da shi a bakin masana, Boswellia dalzielii. Ranar da na fara buɗe ƙamus ɗin nan a ɗakin karatu na jami'a, sai na ji kamar Kaka ce ke magana da harafin Turawa: ga giyayya, ga ƙaidaji, ga zamarke, ga tafashiya, ga malmo, ga kajinjiri. Daga bakin maharba da makiyaya da ungozomomi irinta aka kwaso su. Sunan likitan ya hau itace, nasu bai hau ko takarda ba. Duk da haka ina gode masa, domin ba don littafinsa ba da ban sami abin da zan riƙe in gwada jiya da yau ba.

Wanda ya fi kowa nazarin ƙasarmu a rubuce shi ne Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano. A 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka buga nazari a kan karkarar da ta kewaye Kano mai cunkoson jama'a, wadda ake nome kusan dukkanta kowace shekara ba tare da an bar saura ba. A wancan zamani ra'ayin da ya yi ƙarfi a Turai shi ne yawan jama'a yana cinye itace ya jawo hamada. Mortimore da waɗanda suka yi aiki tare da shi suka nuna cewa a gonakin Kano itatuwa ba su ƙare ba, har bayan fari mai tsanani. Manomi yana sassabe reshe ya bar uwa, jakuna suna kai itacen girki birni su komo da taki.

Wannan gaskiya ce, na kuwa gani da idona. Amma gaskiyar itatuwan tudu ce. Ɗorawa tana da mai ita, ana gadonta, kalwarta kuɗi ce. Gawo yana kaɗe ganye da damina ya bar wa hatsi rana, da rani kuma ya zubo wa dabbobi abinci. Kuka miya ce, tsamiya kunu. Kowannensu yana biyan kuɗin wurin da ya tsaya, shi ya sa aka bar shi. Ƙananan itatuwan fadama ba su da wannan gata. Ba wanda ya dasa su, ba wanda ya gada. Ungozoma ta tsinki ganye, Bafulatani ya karya wa maraƙi reshe, yaro ya sari sanda, kowa ya wuce.

To me ya tsare su duk tsawon ƙarnukan nan? Noman rani ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun kafin zuwan Turawa ana noman albasa da alkama da rake da taba a fadamu, har sarakuna suna karɓar kuɗin rafi. Amma da jigo ake ban-ruwa, jigo kuwa iyakarsa ƙarfin damtsen mutum ɗaya. Mai jigo ba zai shayar da abin da ya wuce 'yan fangalin da ke kusa da rijiyarsa ba. Sauran fadamar sai ta zama makiyaya da mashaya da rani, da damina kuma ambaliya ta kori kowa. Abu biyu ke nan suka tsare giyayya: ambaliya da gajiyar hannun mai jigo. A cikin shekara ashirin kacal aka kawar da su duka biyun.

Na farko fari ne ya jawo shi. Daga 1972 zuwa 1974 ruwan sama ya yi ƙaranci a duk yankin Sahel, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada. Gwamnan Jihar Kano na lokacin, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya riga ya ɗauki aniyar tare ruwan damina domin noman rani da sha. An gama madatsar Tiga a 1974, sannan cikin 'yan shekaru aka sami ta Jakara a Wasai, ta Tomas a wajen Dambatta, ta Gari da ta Watari. Ta Challawa ta biyo baya a 1992. Ba mai musun alherin da suka kawo. Sai dai madatsa tana canza halin kogi ta fuska biyu. A samanta ruwa yana kwana shekara sukutum, giyayya kuwa tana jure ruwan wata uku amma ba ta jure na wata goma sha biyu. A ƙasanta kuma ambaliya ba ta ƙara zuwa yadda ta saba. Zoben da ke kai wa ƙugu ya dawo idon sawu, wata shekarar ma babu shi.

Na biyu injin ban-ruwa ne. Bayan farin 1983 da 1984, hukumar raya karkara ta jiha, KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, ta yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan fetur waɗanda mutum ɗaya ke iya ɗauka a kafaɗa. A farkon shekarun 1990 Shirin Fadama na ƙasa ya ɗora a kai. Abin da mai jigo ke yi a yini uku, inji ya yi shi kafin azahar. Ƙasar da ba ta da mai ita sai ta wayi gari kowane taku nata kuɗi ne.

Ina makarantar firamare mahaifina ya sayar da jaki da raguna biyu ya sayi inji. Da rani ya ɗauko 'yan ƙodago da gatari da diga, aka yi kwanaki ana sara ana tono, aka tara saiwoyi aka cinna musu wuta. Na tuna warin hayaƙin, na tuna macizan da suka riƙa fitowa. Kaka ta zo ta zauna a kan suri tana kallo, ba ta hana ba, domin ta ga yunwar 1973 da idonta, ta kuma san yawan bakin da ke gidan. Abu ɗaya ta roƙa, a bar mata na can ƙasa. Baba ya ce, "To, Inna." Wataƙila ma ya yarda ne don wurin ya cika danshi, tumatir ba zai yi ba. Su ne bakwai ɗin nan.

Tumatir da attaruhu da albasar da suka fito a wurin da aka share, kasuwar 'Yankaba ake kai su. Da kuɗinsu aka biya mini sakandare, da su na shiga jami'a, da su aka yi wa ƙannena mata kayan ɗaki. Saboda haka ba ni da bakin da zan zargi mahaifina ko wani manomi. Ilimin da na yi har na san abin da aka rasa, da kuɗin saran aka saya mini shi. Akwai kuma waɗanda suka biya farashi ba su ci riba ba. Fulanin da suka saba sauka da rani sun zo sun tarar da mashaya ta zama lambu, burtali ya tsuke, rigimar da ta biyo baya kuwa har yau ba ta mutu ba a fadamun Arewa.

Wani zai ce giyayya ai ba ta ƙare a duniya ba. Haka ne, tana nan daga Senegal har Sudan, duk inda kogi ke malala ya janye. Ƙaidaji ma da muke nema a nan, a arewacin Ostareliya annoba ya zama, gwamnati tana kashe kuɗi don ta kawar da shi. Ƙarancin tsiro al'amari ne na wuri da halin ruwan wurin. A fadamun Haɗeja da Nguru, da madatsun Tiga da Challawa suka sa ruwa ya riƙa gudana ba rani ba damina, kachala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Waɗannan manyan fadamu aƙalla duniya ta san da su: an ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, tafkin Nguru kuma ya shiga jerin wuraren da take karewa a 2000. Fadamar da ba ta kai girman filin ƙwallo ba, irin waɗanda ke warwatse tsakanin gonakin Minjibir da Gezawa da Dambatta, ba ta cikin jerin kowa.

A ranar rabon gadon dai abin da na iya yi shi ne na roƙi a sa rabona ya faɗa ƙasan fadamar. Kowa ya san shi ne mafi ƙarancin daraja, don haka ba wanda ya ja. Yayana ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Ɗan boko, giyayya za ka ci?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ka noma na saman, ka bar mini na ƙasan." Muka rabu a kan haka.

Daga nan na ɗauki sunayen da na kwafo daga ƙamus ɗin Dalziel, na haɗa da waɗanda na riƙe daga bakin Kaka, na riƙa fita a kan babur duk hutun da na samu, rani biyu da damina ɗaya. Na koyi cewa ba a neman waɗannan itatuwa a tsakiyar fadama, nan inji ya gama aiki. Ana samun su ne inda garma ba ta da iko: gefen maƙabartar da ta gangara kwari, bakin tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, ƙarƙashin gada inda burtali ya ƙetare rafi, kan surin da ya gagari diga. Giyayya mafi girma da na gani tana wata gona ce da magada suka shekara goma suna shari'a a kanta, ba wanda ya isa ya kai mata gatari. Tafashiya na same ta wuri biyu. Ungududu, mai ganye uku-uku da ke fure bayan ya kaɗe ganye, na ga guda ɗaya tak a bayan wani masallaci. Malmo da kajinjiri, waɗanda Kaka ta ce ta sha 'ya'yansu tana budurwa, ban gan su ba ko sau ɗaya.

Na kuma koyi yadda ake tambaya. Wajibi ne a je wuri sau biyu, da damina don fure, da rani don 'ya'ya da halin ƙasa. In za a ɗauki hoto da waya, a ɗauki ganye da yadda ya zauna a reshe, a ɗauki ɓawo, a kuma ɗauki ƙasar da itacen ya tsaya a kai. Suna kuma a ji shi daga baki biyu ko uku, domin tsiro ɗaya yakan yi suna biyu, kamar bagaruwa da gabaruwa, suna ɗaya kuma yakan hau tsiro biyu. Waɗanda suka fi sani tsofaffin mata ne da makiyaya da masunta. Samarin da ke ban-ruwa kuwa, waɗanda suka san sunan kowane irin tumatir da kowane maganin feshi, in na nuna musu giyayya sai su ce itacen rafi ne. Ban ga laifinsu ba. Ba a koyon sunan abin da ba a gani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk yawon nan shi ne ban ga ƙaramar giyayya ba. Duk waɗanda na samu tsofaffi ne, toho a kan tsohon tushe. Ƙwayar giyayya ƙarama ce ƙwarai, ba ta da guzurin da za ta jira. Tana bukatar ɗanyar laka tsirara wadda ambaliya ta bari, ta kama kafin rana ta busar da ita. In ambaliya ba ta zo ba, uwa za ta yi ta fure shekara da shekaru ba magaji. Ashe barin itacen a tsaye rabin aiki ne. Na karɓi rabon gado mafi arha don in tsare bakwai ɗin nan, sai ga shi abin da suke bukata ba ya hannuna.

Daminar 2022 ta zo da ruwa mai yawa. Ambaliya ta rushe gidaje ta cinye gonaki a Jigawa da wasu sassan Nijeriya, mutane da dama suka rasa rayukansu. A fadamarmu ma ruwa ya hau har ya kwashe masarar yayana, asarar da sai da ya shekara bai farfaɗo daga ita ba. Ba zan kira wannan damina alheri ba. Amma da ruwa ya janye, na je na tarar da zoben laka a jikin bakwai ɗin, karo na farko tun ina yaro. Bayan 'yan makonni, a kan lakar da ta soma tsagewa, na ga tsiro uku masu ganye bibbiyu da jan toho. Na kewaye su da ƙayar magarya. Awaki sun ci biyu kafin bazara. Ɗaya tana nan, yanzu ta wuce ƙuguna.

Amsata ke nan, Yaya. Fangalin albasa ashirin gaskiya ne, na kuma san kuɗinsu, tun da irinsu ne suka yi mini karatu. Amma albasa ana samun irinta a kasuwa kowace shekara, wannan kuwa in ta tafi daga ƙasarmu sai dai suna, kamar Kurmi. Ita kaɗai ta rage da za ta gaya wa 'ya'yanmu iyakar inda ruwa ke kai wa in ya tuna hanyarsa, kafin wani cikinsu ya je ya gina ɗaki a wurin.

Ranar da na ga zoben, da ƙaramin ɗan yayana na je. Na tsayar da shi a jikin itacen, zoben ya kai masa ƙirji. Ya tambaye ni, "Baffa, mene ne sunan wannan?" Na faɗa masa, ya maimaita sau biyu. Da muka koma gida na ji yana gaya wa babansa cewa ruwa ya kai masa nan a jikin giyayya, yana nuna ƙirjinsa. Yayana bai ce komai ba. Amma da rani ya kama, da ya zo jan fangali, na lura ya bar taku biyar tsakanin na ƙarshe da ƙayar da na kafa.